Ban da Ɗaya

Waƙafi ake ce mata a ofis, kuma ta ci sunanta. Ka ba ta takarda ta riƙe maka, kafin ka juyo ta zaro jan biro daga gefen ɗankwalinta ta caka maka waƙafi a inda ka manta da shi. Har sanarwar da aka manna a ƙofar banɗaki ba ta tsira ba. Sunan ya bi ta har gida, ƙanwarta Auta ba ta da abin kiranta sai Yaya Waƙafi.

Kamfanin nasu ɗan ƙarami ne, ɗakuna uku a saman wani shagon sayar da tayoyi. Manhajar lissafi suke yi, irin wadda ƙananan asibitoci da malaman gona da ɗaliban jami'a ke zuba wa alƙaluma ta fitar musu da sakamako. Injiniya ke gina manhajar, Manaja ke tallarta, ita kuma Waƙafi ke rubuta jagora, wato bayanin da mutum zai buɗe ya karanta idan ya rasa abin da zai danna. Yawancin shafukan gadonsu ta yi daga wanda ya riga ta zama a kujerar, ta dai bi su ta share, ta goge, ta daidaita musu sahu. Tana ji da jagorar nan fiye da yadda take nunawa.

Abin da dariya ya fara. Wani likitan dabbobi ne ya bugo waya da hantsi yana kukan jadawalinsa ya ƙi fita a firinta. Waƙafi ta buɗe muryar wayar don Injiniya ya ji. Aka gyara masa, ya yi godiya, sai kuma ya tsaya yabo, irin mutanen nan da ba su iya sallama su ajiye waya ba.

"Abin da ya fi burge ni da manhajarku," in ji shi, "kun san darajar ɗan Adam. Kun ware wa mutane maɓallinsu, kun ware wa kaya nasu. In awaki na auna sai in danna ta samfuri, in kuwa masu awakin ne sai in danna ta jama'a."

Injiniya yana kurɓar shayi a lokacin, sai da ya ƙware. Da ƙyar aka lallaba aka yi wa bawan Allah bayani, aka ajiye waya, sannan ofis ya kaure da dariya har Manaja ya leƙo daga ɗakinsa yana tambayar me ya samu.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya auna abubuwa da yawa, ba matsakaicinsu kaɗai yake son sani ba. Yana son ya san yadda suka watsu daga wannan matsakaicin, ko sun taru wuri guda ko kowa ya kama gabansa. Wannan ita manhajar ke kira warwatsuwa, kuma kafin ta lissafa ta sai ta tsayar da kai ta tambaya: ta jama'a ko ta samfuri?

"Jama'a a bakin masu lissafi ba mutane ba ne," Injiniya ya ce wa Manaja yana goge shayin da ya zube a rigarsa. "Duka ake nufi. In ka auna duk tayoyin da ke shagon ƙasa, babu wadda ka bari, to jama'a ce, ko da tayoyi ne. In ka ɗebi 'yan kaɗan ka ce su tsaya a madadin sauran, samfuri ne, ko da surukanka ne."

"To me ya yi zafi? Ba lissafi ɗaya ba ne?"

"In duka ke hannunka, da yawansu ake rabawa. In ɗiba ka yi, sai a raba da yawansu ban da ɗaya."

"Shi ɗayan laifin me ya yi?"

"Ba shi da laifi. Matsakaicin da ka fitar daga cikin 'yan kaɗan ɗin ne ɗan gida, yana rufa musu asiri, sai su fito kamar kansu a haɗe yake fiye da yadda yake. Cire ɗayan nan shi ke gyara son kan. In mutum dubu ka auna ba za ka ji a jikinka ba. In 'yan kaɗan ne kuwa, yana iya juya maka sakamako gaba ɗaya."

Waƙafi ta san wannan tun a makaranta. Ta buɗe shafin a allonta tana sauran dariya, ta karanta abin da jagorar ta ce: "Zaɓi ta jama'a, idan alƙalumanka na jama'a ne. Zaɓi ta samfuri, idan na samfuri ne." Iyakar bayanin ke nan. Wanda ya sani ba ya buƙatarsa, wanda bai sani ba kuma bai ƙaru da komai ba. Kalmomin ba nata ba ne, amma waƙafi biyun nan da hannunta ta sa su. Ta ce a ranta sai mako mai zuwa ta zauna ta gyara shafin, ta rufe kwamfuta ta tafi cin abinci.

Ran Asabar da la'asar ta je gidan Auta. Tsiran shekarunsu da yawa, ita ta goye ta, ita ta riƙa kai ta makaranta lokacin da mahaifinsu ya rasu Umma ta shiga fafutukar ciyar da gida. Yanzu Auta ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, tana kuma karatun digiri na biyu wanda ya ja ta a ƙasa shekara da shekaru: haihuwa ta tsayar da ita, malamin farko ya bar jami'ar, aka sake mata wani. Wa'adin da jami'a ke bayarwa a wannan zangon zai cika. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban malamai ta kare bincikenta, kuma kowa a gidan ya san babu wata Alhamis bayan wannan.

Ta tarar da falon a hargitse, takardu a kan kujeru, takalmin yaro ɗaya a kan talabijin. Auta ta kafa teburin guga a tsakiyar ɗaki ta ɗora kwamfutarta a kai, wai shi ne mumbari.

"Zauna nan, Yaya Waƙafi. Ke ce farfesa. Ki ɗaure fuska, ki yi mini tambayar mugunta."

"Wannan ba sai na koya ba."

Auta ta gyara tsayuwa ta fara. Bincikenta a kan mata masu juna biyu ne waɗanda jininsu ya yi ƙasa. Ta tsara musu wani tsarin cin abinci, ta bi su wata da watanni tana auna ƙarfin jininsu, ta kwatanta su da waɗanda ba su bi tsarin ba. Da yawa ta fara, amma wannan ta ƙaura, waccan miji ya hana, wata ta haihu kafin lokaci, har aka ƙare da mata takwas a kowane ɓangare. Duk da haka sakamako ya fito yadda take fata: manhajar ta ce bambancin na haƙiƙa ne. Da ƙyar ya haye layin, amma ya haye. Tana magana idonta na ƙyalli, ta san kowace mace a cikinsu da sunan mijinta da ƙofar gidanta.

Waƙafi ta ji daɗi har cikin ranta. Don tsokana kawai, da dariyar ofis da ba ta gama sakinta ba, ta kumbura murya irin ta manyan malamai ta ce, "To malama, wace warwatsuwa kika zaɓa, kuma don me?"

"Ta jama'a mana," Auta ta amsa ko numfashi ba ta ja ba. "Ai mutane na auna, ba fitsari a kwalba ba. A asibiti in an ce samfuri kin san abin da ake nufi. Matan da suka riƙa zuwa mini da tsohon ciki cikin rana, in tashi in kira su samfuri? Haba, Yaya. Kuma haka jagorarku ta ce, na duba."

Fankar da ke juyawa a kusurwa ta ɗaga wata takarda ta yar a ƙasa, Waƙafi ta sunkuya ta ɗauka don kawai ta sami abin yi da fuskarta.

"Na ci ko na faɗi?" Auta ta tambaya.

"Ci gaba," in ji Waƙafi.

Auta ta ƙarasa, sannan ta ce akwai abin da take so ta karanta mata amma kada ta yi mata dariya. Shafin godiya ne. Ta karanta: ga Allah, sannan ga Umma, ga yayata wadda ta goye ni tun ban san kaina ba, ga maigidana, ga malamina, ga matan da suka ba ni amanar jikinsu. Da ta zo kan yayata muryarta ta ɗan yi rawa, sai ta rufe da wasa, "Ki duba mini waƙafin, kada ki ji kunya a gaban farfesoshi."

Waƙafi ta karɓa ta duba. Babu kuskure ko ɗaya. Ta ce ya yi, ta ce kanta ke ciwo, ta ƙi tsayawa cin abinci.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa ofis, masu tayoyi ma ba su gama ɗaga ƙofar shagonsu ba. Fayil ɗin Auta yana cikin kwamfutarta tun watan jiya, lokacin da ta turo mata don ta daidaita mata jadawalai. Ta buɗe shi tana addu'ar Allah ya sa ɗayan nan bai isa ya yi komai ba. Ta danna ta samfuri. Manhajar ta ɗan yi jim, ta fitar da layi ɗaya: bambancin bai kai a dogara da shi ba. Ta koma ta jama'a, ya haye. Ta dawo ta samfuri, ya faɗo. Ta yi ta yi kamar mai taɓa haƙori mai ciwo da harshe, har Injiniya ya shigo ya tsaya a bayanta.

"Na wa ne?"

"Na wata ɗaliba."

Ya duba, ya yi tsaki a hankali. "Allah sarki. Mutum takwas ai ɗayan nan babba ne. Ba wai tsarin nata ba ya aiki ba ne, kin gane, wataƙila yana yi. Amma da waɗannan ba za ta iya cewa ta tabbatar ba." Ya kai idonsa saman fayil ɗin, ya ga sunan. Ya san Auta, ta sha kawo wa yayarta saƙo ofis. Ya je ya jona butar shayi.

Da Manaja ya iso suka shiga ɗakinsa su uku. Waƙafi ta ce shafin yana ɓatar da mutane, kuma ba likitan dabbobi kaɗai ba. Ta riga ta rubuta sabon bayani. Maɓallan za su koma "ta duka" da "ta ɗiba", a ƙarƙashinsu a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ruwan zaɓin da ko mutane ne ko kaya, tambaya ɗaya ce: duka ka auna, ko ɗiba ka yi daga cikin masu yawa?

"Madalla," in ji Manaja. "A canza yau. Shi ke nan."

"Waɗanda suka riga suka yi aiki da tsohon fa?" Injiniya ya tambaya.

"A bar kaza cikin gashinta. Ka aika wa mutane ka ce shekara da shekaru muna ɓatar da su, ai allura ce za ta tono garma. Wa ya kawo ƙara? Babu. A gyara a yi shiru."

Ga ƙofa nan an buɗe mata, ba ita ta roƙa ba. In ta yi shiru, shugabanta ne ya ce a yi shiru. Auta ta kare bincikenta ran Alhamis, a yi murna, wata rana can in ƙura ta lafa ta faɗa mata ko kuma kada ta faɗa. Wallahi ta so ta yi shirun nan, ta so shi kamar me. Sai dai ta tuna akwai asibitoci a cikin masu amfani da manhajar, waɗanda su ma mutane suke aunawa, su ma 'yan kaɗan, su ma sun san darajar ɗan Adam. Ta ji bakinta yana cewa, "Ranka ya daɗe, in ba mu faɗa ba wani zai gano, kuma ranar ba za a ce mun yi kuskure ba, cewa za a yi mun ɓoye."

Aka yi ta ja. A ƙarshe Manaja ya gaji ya ce, "To rubuta. Amma kada in ga kalmar kuskure. Ki ce ƙarin bayani. Kuma ya fita gobe da sabuntawar manhaja, kada ya zama wani biki na daban."

Aika saƙo ga masu amfani da manhaja aikinta ne. Ta buɗe adireshinsu tana gangarawa, har ta zo kan wanda ta san za ta gani: malamin da ke duba aikin Auta. Mutum ne mai karanta duk abin da aka turo masa, ya taɓa rubuto musu doguwar wasiƙa a kan launin wani jadawali.

Ba ta jira tashi daga aiki ba. Ta hau mota ta tafi asibitin Auta, ta same ta lokacin hutun rana a ɗan ɗakin ma'aikata mai warin maganin goge ƙasa, tana cin biskit a tsaye da farar riga. Waƙafi ta tura ƙofa ta rufe. Ta yi bayanin a hankali, da tayoyi da komai, yadda Injiniya ya yi. Auta mai kaifin kai ce, ba ta bari ta kai ƙarshe ba.

"Kin gwada da nawa?"

"Na gwada."

"Ya faɗi."

"Bai haye ba. Ba wai tsarin ba ya aiki ba, Auta, kawai dai..."

"Tun yaushe kika sani?"

"Ran Asabar na yi zargi. Yau na tabbatar."

Auta ta ajiye biskit ɗin a kan firji. "Ran Asabar. Ina tsaye ina karanta miki godiya." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekara nawa kina kan shafin nan, Yaya? Kin sa masa waƙafi, na gani, har biyu. Kin ga inda waƙafi ya ɓata, ba ki ga mutum zai karanta jama'a ya ɗauka jama'a ake nufi ba?"

Maganar ta shigi Waƙafi.

"Malamina bai gani ba," Auta ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Na farko ma bai gani ba. Su sakamako suke dubawa. Babu wanda zai tambaye ni maɓallin da na danna, ke kaɗai ce. Ki bar ni in wuce Alhamis. Bayan nan in kin ce in tsaya a kasuwa in yi shela, zan yi."

"Gobe saƙo zai fita ga kowa. Malaminki yana ciki."

"To ki cire shi."

"Auta."

"Mutum ɗaya ne. Ki aika wa duniya duka ban da shi. Ba ku ne masu cire ɗaya ba?" Hawaye ya cika idonta amma ta hana shi zuba. "Ban taɓa roƙonki abin da ya fi ƙarfinki ba. Ban yi ƙarya ba, ban ƙirƙiri lamba ba, abin da littafinki ya ce in yi shi na yi. In aka ce in sake babi biyu wa'adina ya wuce. Kin san abin da na sha. Kin san abin da dangin mijina ke faɗa a kan karatun nan."

"Na sani."

"To?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wata ma'aikaciya ta ce an kawo mai naƙuda. Auta ta goge fuska da bayan hannu, ta wanke hannuwanta a famfo, ta fita ba ta waiwayo ba.

Washegari da safe Waƙafi ta zauna gaban allo, saƙon a rubuce, adireshi a jere. Ta kai kan sunan malamin ta cire shi. Sauƙin abin ya ba ta tsoro: dannawa ɗaya, babu wanda ya gani, babu wanda zai taɓa gani. Ta zauna tana kallon gurbin. A ƙasa ana gangara taya, wani yana yi wa wani tsiya a kan ƙwallon jiya. Ta yi tunanin Auta tana ƙarama, zazzaɓi ya kama ta a bayanta, kumatunta da zafi a kan wuyanta. Ta yi tunanin Auta ran Alhamis tana tsaye tana cewa an tabbatar, alhali ta san ba a tabbatar ba, sannan asibiti ya ɗauki tsarin a riƙa gaya wa mata an tabbatar. Jiya Auta ba ta yi ƙarya ba. Ran Alhamis kuwa za ta yi, kuma yayarta ce ta share mata hanya.

Ta kuma san ba wannan ne kaɗai ba. Akwai girman kai a ciki, nata, na mai jagora da ba ta son a ce ta san kuskure ta bar shi. Ta rasa wanne ya fi yawa, tsoron Allah ko son a ce aikinta tsaf yake. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Ta mayar da sunan. Ta aika wa kowa.

Malamin ya karanta kafin azahar, kamar yadda ta san zai yi. Abin da ya biyo baya daga bakin Umma ta riƙa jinsa, don Auta ta daina ɗaukar wayarta. An ɗage Alhamis. Malamin ya shiga ya fita, ya nuna wa jami'a saƙon kamfani, aka ƙara wa Auta ɗan lokaci da ƙyar da jiɓin goshi. Ta ɗauki hutu daga asibiti, ta kai yaro wurin Umma, ta rushe babi biyu ta sake gina su. Ta rame. Da ranar ta zo ta tsaya gaban malamai ta ce mata takwas ba su isa a yanke hukunci ba, akwai alama amma sai an sake da masu yawa. Aka ba ta digirinta. Asibitin da ya yi niyyar ɗaukar tsarin nata ya ce to, sai an sake ɗin, kuma babu wanda ya ce ga ranar da za a sake.

Waƙafi ta aika saƙon murna, ba amsa. Ta je gidan, mijin ya fito ya ce tana barci, yana magana yana kallon takalminsa. A ofis kuwa sabon shafin ya zauna daram, likitan dabbobi har ya bugo ya ce yanzu ya gane, ashe awakinsa ma suna iya zama duka. Injiniya ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Bayan wasu makonni ta je gaida Umma. Ta same ta zaune a bakin gado, taga a buɗe, da wani littafi mai baƙin bango da rubutun zinariya a kan cinyarta, ta naɗe shi da ɗankwali kamar abin da zai fashe. Umma ba ta san kan rigimar ba. Ta dai lura 'ya'yanta ba sa zuwa rana ɗaya, ta yi tambaya sau biyu aka ce mata aiki ne, ta bar maganar a cikinta.

"Jiya Auta ta kawo mini," in ji Umma. "Ta ce sunana yana ciki. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, kuma na ji kunyar in sa ta karanta. Zo ki karanta mini wurin."

Waƙafi ta zauna kusa da ita ta buɗe. Takardar tana ƙamshin sabon bugu. Ta sami shafin godiya ta fara karantawa a bayyane: ga Allah, sannan ga Umma. Umma ta ce, "Allah ya yi mata albarka." Waƙafi ta kai idonta gaba, sai ta tsaya.

Bayan Umma, maigidana ne. An cire abin da ke tsakani. Amma wanda ya cire bai share wurin da kyau ba, ya bar waƙafi biyu a jere, ɗaya na Umma, ɗaya kuma tsaye shi kaɗai, babu kalma a gabansa babu a bayansa. Kuskure ne irin wanda ko daga ƙofar ɗaki za ta hango. Auta kuwa a hannunta ta koyi rubutu, ba ta cika barin irin wannan ba. Ko gaggawa ce, ko gajiya, ko kuwa da gangan ta bar shi, Waƙafi ba ta sani ba, kuma babu wanda za ta tambaya.

Ta ƙarasa karatun: ga maigidana, ga malamina, ga matan da suka ba ni amanar jikinsu.

Umma ta ɗan jira. "Ke fa?" ta ce. "Ban ji ki ba."

Hannun Waƙafi ya riga ya kai gefen ɗankwalinta inda jan biron yake, don sabo. Ta sauke shi. Ta ɗora yatsa a kan ɗan waƙafin da ke tsaye shi kaɗai, ta matso da littafin kusa da fuskar tsohuwar.

"Ina ciki, Umma. Ga ni nan, kusa da ke."

Umma ta ƙanƙance ido ta duba inda yatsan yake, ba ta ga komai ba sai ɗigon baƙi. Ta gyaɗa kai, ta karɓi littafin ta mayar da shi cikin ɗankwalin, ta tambaye ta ko ta ci abinci.